Kayan kumite na mata masu hatimin WKF: abin da ya ci kuɗinsa da abin da zafin Damagaram ke cinyewa

Yarinyar da ta fara karate a Damagaram tana iya shekara biyu ko uku da kimono ɗaya, wato riga da wandon karate, da ɗamara ɗaya, kuma ba abin da zai hana ta ƙwarewa. Maganar kaya tana tashi ne ranar da aka ce an zaɓe ta za ta Yamai, daga can kuma ana sa ran ta fita waje da sunan ƙasa. Galibi kuma a makare take tashi, saura mako biyu tafiya, sai iyaye su shiga neman wanda zai sayo daga Kano ko wanda zai taho da shi daga Faransa. Wannan sharhi a kan saitin da ƴar wasan kumite (karon mutum biyu a karate) ke buƙata ne, wato wanda Hukumar Karate ta Duniya, WKF, ta amince da shi, domin shi kaɗai ake karɓa a gasar duniya, da jerin gasannin hukumar da ake kira Karate 1 irin waɗanda ake yi a Alƙahira da Rabat, da manyan gasannin Afirka.

Saitin yana da nauyi a aljihu saboda kusan komai biyu-biyu ake saye. A kowane karo ɗaya tana ja, ana kiranta aka, ɗaya tana shuɗi, ana kiranta ao, kuma jadawalin ƙuri'a ne ke raba launi. Kina iya shiga zagayen farko da ja, na biyu da shuɗi. Don haka safar hannu ja da shuɗiya, makarin ƙwauri da na ƙafa ja da shuɗi, ɗamara ja da shuɗiya. Sulken jiki da garkuwar ƙirji da robar haƙori ne kawai ɗaya-ɗaya, sai kimono, sai kallabi ga mai rufe kai. Adidas da Arawaza da Tokaido da Hayashi da Daedo suna cikin kamfanonin da suka daɗe suna yin kayan da hukumar ke sa wa hatimi. A farashin Turai, kayan kariyar kaɗai ba tare da kimono ba da wuya su tsaya ƙasa da yuro 250, kusan jika 164 na sefa ke nan, kafin a zo kan kuɗin ɗauko su.

Hukuncinmu shi ne kayan sun ci kuɗinsu ga wadda za ta fita waje, tunda ba ta da wata hanya, kuma kariyar da suke bayarwa ta gaske ce. Amma ba don ƙasa irin tamu aka ƙera su ba. Soson ciki da fatar roba ta waje ba sa shiri da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura maki 40, kuma wadda ta mayar da su kayan horon yau da kullum za ta ga sun tsufa kafin gasa ta biyu.

Garkuwar ƙirji ita ce ta fi kowanne muhimmanci, ita ce kuma aka fi yin kuskure a kanta, saboda kunya tana hana a auna. Mai horarwa namiji ba zai tambaya ba, yarinya ba za ta faɗa ba, sai a yi odar matsakaiciya a ce ai za ta yi. Ba ta yi. Duba yadda ake cin maki: naushi mai kyau maki ɗaya ne, yuko, shuri a gangar jiki maki biyu, waza-ari, shuri a kai ko bugun wadda aka kayar maki uku, ippon. A fuska ana taka-tsantsan sosai, amma a jiki doka ta yarda a taɓa muddin da kamun kai. Ma'ana, cikin minti uku na karon manyan mata, naushin gyaku-zuki da shurin mawashi-geri a ƙirji da haƙarƙari suke sauka, sau da sau. Naman nono ba shi da tsokar da za ta ɗauki bugu, yana tara jini ya yi kululu, kuma yarinyar da ta sha wannan zafin sau biyu za ki ga ta fara ja da baya tana rufe ƙirji da gwiwar hannu, fuska a buɗe. Ana ɗauka tsoro ne, alhali kayan ne ba su zauna ba.

Iri biyu ake samu. Akwai mai faranti ɗaya na roba mai tauri da aka zuba daidai siffar ƙirji, yana rufe nono da ƙashin tsakiya da ɗan gefen haƙarƙari, ana zura shi cikin ƴar rigar roba mai aljihu. Akwai kuma mai kofi biyu rabe. Mai faranti ɗaya ya fi kariya domin yana baza ƙarfin bugu a faɗin ƙirji, amma in ya yi girma gefensa yana cin hammata duk lokacin da aka miƙa naushi, in ya yi ƙanƙanta bakinsa na ƙasa yana hawa kan naman da ya kamata ya kare, sai bugu ya zama kamar an danna wuƙa. Mai kofi biyu ya fi sakewa da shan iska, ya fi dacewa da siririyar yarinya ƴar ajin kilo 50 ko 55, sai dai kofunan suna zamewa in rigar ta saki, kuma tsakiyar ƙirji a buɗe yake. Ga ƴan kilo 61 da 68 da abin da ya haura, inda bugu ke da nauyi, faranti ɗaya muke ba da shawara.

Awon ba shi da wuya, kuma uwa ko yaya ko wata babba a cikin ƴan wasa ita ya kamata ta yi shi a ɗaki. A ɗauki tef ɗin tela, a auna zagayen ƙirji a ƙarƙashin nono bayan an fitar da numfashi, a sake aunawa a inda ya fi cika, a rubuta santimita biyun, a kwatanta da jadawalin kamfanin da za a saya wa, domin M na wannan ba M na wancan ba ne. In kaya ya iso, ki sa shi ki ɗaga hannu biyu sama, ki yi naushi ashirin da sauri, ki sunkuya ki taɓa ƙasa. In farantin ya hau ya taɓa wuya ko ya bar tazarar da yatsu biyu za su shige ta ƙasa, ba naki ba ne. Rigar da ke riƙe shi kuwa a sayi biyu in da hali, don ita ke shan gumi, ita ke fara saki, farantin kansa yana shekaru.

Sulken jiki fari ne, siriri, ana sa shi ƙarƙashin kimono. A nan ma akwai ruɗani na gida. Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016, taekwondo ta yi farin jini, kuma mai shago da bai san bambanci ba yana iya miƙo sulken taekwondo, mai kauri, ja ta nan shuɗi ta can, wanda ake ɗaurawa bisa riga. Ba a shiga tatamin karate, wato shimfiɗar da ake karawa a kai, da shi. Na karate yana da kyau wajen kare haƙarƙari da ciki, amma aibinsa biyu ne: yana riƙe zafi kamar bargo, kuma na da can an yanka shi ne a jikin namiji, sai ya riƙa hawa sama in an ɗora shi bisa garkuwar ƙirji. Yanzu akwai samfurin mata da aka yanka da siffar jikinsu, wasu ma sun haɗa sulken da garkuwar wuri ɗaya. Ya fi zama, ya fi rage lodi a ƙirji, kuma shi ya kamata a nema, bayan an tambayi hukumar karate ta ƙasa abin da dokar shekarar ta ce.

Sai kallabi, wanda a garinmu shi ne ke yanke ko uba zai sa hannu ko ba zai sa ba. Tun 2013 WKF ta yarda mace ta rufe kai saboda addini, kuma ƴan wasan Iran da kai a rufe suke fafatawa a manyan gasanni. Sharaɗin a bayyane yake: baƙin yadi marar ado, na irin da hukumar ta amince da shi, wanda ya rufe gashi amma bai rufe maƙogwaro ba. Dalilin barin wuya shi ne bugun maƙogwaro haramun ne a wasan, alƙali da likita suna so su ga wurin da idonsu. Gara iyali su san wannan tun kafin a kashe ko dala, don ba hijabin da muka sani ba ne mai sauka har ƙirji. Ya fi kama da hula mai kama kai. Gidan da ya ga hakan bai yi masa ba yana da haƙƙinsa, kuma ya fi sauƙi a faɗa a Damagaram da a faɗa a bakin tatami a ƙasar wasu.

A matsayin kaya, kallabin yana aikinsa in kitso ya ba shi dama. Yadin yana miƙewa, ba fil, ba allura, ba abin ƙarfe. Amma in an yi kitso mai tudu a tsakiyar kai, ko an tara gashi a ƙeya ya yi dunƙule, yana zamewa baya da zarar an fara tsalle, sai ƴar wasa ta riƙa kai hannu tana gyarawa a tsakiyar karo, daidai lokacin da abokiyar karawa ke jiran hannun ya bar gadi. A yi kitso kwance, ƙanana, zuwa baya, kwana biyu ko uku kafin gasa don zafin kitson ya huce, a ɗaure jelar da roba marar ƙarfe. Duwatsun ado da ribom da maƙalen gashi duk doka ta hana. Ƴan kunne da ɗan hanci da zobe da awarwaro a cire su tun a masauki, farce kuma a yanke. Baƙin yadi yana jan zafi, don haka a horo a gida ki yi amfani da na auduga da tela ya ɗinka a siffa ɗaya, ki ajiye mai hatimin.

Kimonon kumite ya bambanta da na kata, wato nuna jerin motsi ba tare da abokiyar karawa ba, kamar yadda rigar shan iska ta bambanta da babbar riga. Na kata auduga ne mai kauri, yana ƙara in an yanke motsi, irin wanda Sandra Sánchez ta Sifaniya ta ci zinariya da shi a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, kuma mai kata ba ta buƙatar komai bayan shi sai ɗamara biyu. Na kumite yawanci leda-leda ne marar nauyi, da raga a baya da hammata, yana bushewa cikin ɗan lokaci, wanda alheri ne a garin da ruwa ke wuya. Aibinsa ga mace shi ne in ya jiƙe da gumi yana nuna abin da ke ƙasa. Doka ta yarda mata su sa farar riga marar rubutu a ciki, a nemi mai ɗan kauri. Ana sayen kimono da tsawon mutum, santimita 150, 160, 170, amma yankan maza ne galibi, ƙugu yana matsewa, don haka mai faɗin ƙugu ta ɗauki na sama da nata a kai wa tela ya rage. Telolin Kasuwar Dole sun iya wannan aiki in an ba su awo daidai. Hannun riga kada ya wuce wuyan hannu, kada ya gaza rabin sangalin hannu. Wando ya rufe aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙwauri, kada ya sauka ƙasa da idon sawu. Rigar in an ɗaura ɗamara ta rufe ƙugu, kada ta wuce kashi uku cikin huɗu na cinya. Naɗe hannu ko ƙafa ba a yarda ba, igiyoyin gefe dole su kasance kuma a ɗaure. A gaya wa tela kada ya taɓa hatimin, kada ya cire igiya. Tutar ƙasa a ƙirjin hagu take, ba ta wuce santimita 12 da 8. A manyan gasannin WKF na ƴan shekarun nan har kafaɗar riga ana so ta zo da ɗinkin ja ko shuɗi daidai da ɗamara, wanda ke nufin riga biyu, sai a karanta takardar gasar kafin oda. Kimonon gwanjo kuwa sau da yawa na judo ne, mai kauri, marar igiya. Ya yi horo, bai yi gasa ba.

Safar hannu ita ce aka fi yi wa jabu, saboda hatimi ba shi da wuyar bugawa. Ta gaske soso ne da aka zuba a lanƙwashe, yana bin dunƙulen hannu, tafin a buɗe, akwai mai babban yatsa akwai marar shi. Danna babban yatsanki da ƙarfi a daidai inda gaɓoɓin yatsu ke zama ki saki. Ta gaske tana dawowa nan take kuma ba za ki ji ƙashin yatsanki ya kai ƙasa ba. Jabu tana lotsawa ta tsaya, ko ki ji kamar katifar da ta mutu. Haɗarinta a fuskar abokiyar karawa yake fitowa: taɓawar da da safa mai kyau za ta wuce lafiya sai ta fasa leɓe, a ba ki gargaɗi, makin da kika wahala a kansa ya tafi. Girma ma abin lura ne. Hannun ƴan mata da yawa S ne ko XS, amma abin da ake kawowa M da L ne, kuma safar da ta yi yawa tana juyawa, naushi ya sauka a gefen yatsa. Wadda ta taɓa gocewar babban yatsa ta ɗauki mai rufinsa.

Makarin ƙwauri da na ƙafa suna haɗuwa da maɗauri mai kamawa kamar ƙarangiya, kuma nan ne raunin saitin gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da zaren tabarma suna cika haƙoran maɗaurin har ya daina kamawa, sai na ƙafar ya rabu ya juya gefe a tsakiyar shuri. Tsohon burushin haƙori yana tsefe shi tas. Robar da ke bi ta ƙarƙashin tafin ƙafa an yi ta ne don tatami, a kan siminti ko yashi ba ta daɗewa take tsinkewa. Ana zaɓar na ƙafar da lambar takalmi, na ƙwaurin da tsawo daga idon sawu zuwa yatsu biyu ƙasa da gwiwa. In ya taɓa ƙoƙon gwiwa zai hana lanƙwasawa.

Robar haƙori ba ta da tsada, amma sai an gasa ta a baki: a tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa kamar daƙiƙa 30, a ɗan tsoma a ruwan sanyi, a sa a haƙoran sama a cije, a danna da yatsu da harshe. Wadda ta zauna ba ta faɗowa in an buɗe baki. Mai ƙarfen gyaran haƙori sai alƙali da likitan gasa sun amince. Ɗamara kuma faɗinta kusan santimita 5, marar suna marar ado, ta bar aƙalla santimita 15 kowane gefen ƙulli.

Abin da ke kashe kayan nan a wurinmu ajiya ce fiye da bugu. Fatar robar da ke lulluɓe da soso tana ruɓewa in gishirin gumi da zafi suka haɗu a jaka rufaffiya: da fari tana danƙo, sai ta tsattsage, sai ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Jakar da aka bari a bayan kabu-kabu ko a ɗakin kwano da tsakar rana ta isa ta fara wannan aikin. Bayan kowane amfani a goge da tsumma mai ɗan ruwa da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa inda iska ke bi, kada a rana. Ja da shuɗi kada su kwana manne da farin kimono mai laima, suna zuba, kuma ba ya fita. Kimonon a wanke da ruwan sanyi, ba ruwan jabel, ba bula, domin jabel yana sa ledar ta yi rawaya, bula kuma tana canza farin. Dutsen guga na gawayi yana narka shi ya bar rami. A rataye shi da laima zai miƙe da kansa. Rigar garkuwa a zare farantin kafin wanki, kada a murɗe ta.

Wajen saye, amincewar hukumar ta wa'adi ce, ana sabunta jerin kamfanoni, kuma jerin yana shafin WKF a intanet. Kaya na iya zama na gaske amma tsohon samfuri da aka daina karɓa, shi ne ake karyar da farashinsa. A nemi mai sayarwa ya turo hoton hatimin da ke jikin kayan kansa, a nuna wa mai horarwa ko alƙalin wasa na ƙasa kafin a tura kuɗi. A manyan gasanni kamfanonin suna kafa rumfa, don haka ɗan tawagar da zai je Masar ko Maroko ya fi kowa damar sayo na gaske. Masar ɗin ma gidan karate ce: Feryal Abdelaziz ta ci zinariya a ajin sama da kilo 61 a Tokyo, mace ta farko da ta ciyo wa ƙasar zinariyar Olamfik, Giana Farouk kuma ta ɗauki tagulla a kilo 61.

In kuɗi ba za su kai a tashi ɗaya ba, a fara da abin da ba a aro: garkuwar ƙirji, robar haƙori, kallabi, sulke. Safar hannu da makarin ƙwauri ƴan ƙungiya ɗaya masu girma ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi ja da shuɗi, muddin ba ajin nauyi ɗaya suke ba, don kada a kira su lokaci guda. Sabon saiti a sa shi a horo mai zafi sau biyar ko shida kafin tafiya, ya saba da jiki, a gano inda yake ci a gyara. Kafin karo akwai jami'in da ake kira kansa yana duba kaya, kuma wadda aka samu da kuskure lokacin da ake ba ta ta gyara bai wuce minti biyu ba, wanda bai isa a koma masauki ba. Don haka ja da shuɗi duka su kasance a jaka ɗaya a gefen tatami, hannun mai horarwa. A motar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, jakar ta zauna a ƙafarki a ciki, kada a ɗora ta bisa rufi cikin rana, a jirgi kuma ta shiga kayan hannu.